Baba Ba-a-yarwa da Ganyen Turare

Duk wanda ya yi karatu a makarantar nan cikin shekaru talatin da suka wuce ya san mai lambunta, Baba Ba-a-yarwa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka jefar da gwangwanin madara, sai ka waiwaya ka gan shi da shi a hannu yana cewa, "Ba a yarwa." Tsohuwar taya, guntun igiya, butar da ta huje, kowanne yana da mazauni a ɗakin kayan aikinsa, inda mutum ba ya iya juyawa bai ture wani abu ba. Ganye kuwa, ko ɗaya ba ya barin harabar. Kullum da safe zai share shi, ya loda a baro, ya juye a gindin shuka. Haka tsohon mai lambun da ya gada ya koya masa, wai abin da ya faɗo daga sama rabon ƙasa ne.

Mutum ne da duniya ba ta dame shi ba. Yana da kekensa, yana da rediyon da ya ɗaure wa baki da roba, yana da 'ya'ya uku da duk sun kama gabansu, ga kuma matarsa, Mai Ɗinki, wadda ba ta taɓa bari ya yi maganar ƙarshe a gida ba, shi kuma hakan bai taɓa hana shi barci ba.

A bayan ajin ƙarshe, jikin katanga, akwai wani ɗan fili. Lokacin da ya kama aiki yana saurayi, wurin cike yake da ƙananan tsirrai da ba wanda ya shuka: tafasa, rai-ɗore, harkiya, da wata irin ɗoɗɗoya mai jan baki a gefen ganye, mai ƙamshin da ke bin mutum har gida. A nan ya fara ganin Mai Ɗinki. Ta kawo kayan makaranta da ta ɗinka, ta tsuguna tana tsinkar ɗoɗɗoyar, shi kuma ya taho da fartanya a kafaɗa, ya ɗaure fuska.

"Wa ya ba ki izinin tsinka?"

"Wanda ya ba ka izinin shukawa," in ji ta, ta ƙara tsinke biyu ta wuce.

Washegari shi da kansa ya kai mata dami guda har shagon ɗinkinta. Kafin damina ta zagayo an ɗaura musu aure.

A shekararsa ta uku wani shugaban makaranta ya kawo dashen itacen turare guda shida, irin da aka ce daga wata ƙasa mai nisa aka samo. Baba ya dasa su jikin katangar nan. Kai, itace ya yi girma kamar ana jan shi da igiya! Baƙi suna tsayawa su yaba, shi kuma yana gyara hula. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon da tabarmarsa ya zo. Shida suka zama ashirin da wani abu, don duk ɗan da ya tsiro Baba ba ya iya tuge shi. Ba a yarwa.

Sannu a hankali ƙasan itatuwan ya fara yin sanƙo. Harkiya ta fara tafiya, tafasa ta bi ta, ƙudan zuma suka daina zuwa. Baba ya ce yunwa ce ke damun ƙasar, sai ya ninka mata abinci. Baro biyu na ganyen turare ya koma baro huɗu. Da ɗoɗɗoyar ta rage tushe ɗaya tak, ya cire ta ya sa a gwangwani, ya cika shi da ruɓaɓɓen ganyen da ya fi ji da shi. Idanun Mai Ɗinki sun riga sun yi rauni a lokacin, ta ajiye keken ɗinki, amma hancinta yana nan daram.

"Malam, ina ɗoɗɗoyata? Ko ita ma ka kai ta ɗakin tarkacen naka?"

"Tana nan tana hutawa."

"Shekara nawa ke nan tana hutawa? Ta fi ka son hutu."

Yakan yi dariya, amma abin yana cin sa. Ƙarshen daminar bana zai ajiye aiki, kuma ba ya son ya miƙa makulli bai kai mata ko reshe ɗaya ba. Ya zagaya kasuwa, ya tambayi masu sayar da shuka. Ɗoɗɗoya kam akwai, amma mai jan bakin nan babu wanda ya san ta.

Malamar kimiyya ce, wata matashiya da ba ta daɗe da zuwa ba, ta same shi wata safiya yana juye baro.

"Baba, ba ka ganin ganyen nan ne ke hana su tsira?"

"Haba 'yata! Ganye ai taki ne. Tun ba a haife ki ba nake wannan aikin."

"To ara mini gwangwani biyu, na san ba ka rasa ba."

Ta shuka wake a kowanne, ta ajiye su a tagar ɗakinsa. Ɗaya ta ce ya riƙa ba shi ruwan famfo, ɗayan kuma ruwan da aka jiƙa ganyen turare a ciki. Baba ya yarda, don kawai ya ga ranar da za ta ba shi haƙuri. Kwana goma, na ruwan famfo ya miƙe har yana neman abin kamawa. Ɗayan da ƙyar ya leƙo, ya ƙanƙance, ya yi rawaya. A makon ne kuma ɗoɗɗoyar gwangwani ta bushe ƙarmas.

Ya daɗe zaune a kan baro yana kallon gwangwanayen. Malamar ta yi masa bayani cewa saiwar turare tana shanye ruwa, inuwarsa tana tare rana, ganyensa kuma yana da wani mai da ke hana ƙananan iri tashi.

"Ashe ni ne nake kai musu ajalinsu a baro," in ji shi. "Shekara ashirin da bakwai, ko fashi ban taɓa yi ba." Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shugabar makaranta ta yanzu ta yarda a sare itatuwan turaren da ke jikin katanga, a bar uku na bakin ƙofa saboda inuwar masu jiran yara. Baba ya tsaya a kan kafinta sai da kowane gungume ya zama benci. Ya kankare ruɓaɓɓen ganyen da ya tara tsawon shekaru har ya kai ga tsohuwar ƙasa, ya tura baro zuwa bola. Mai gadi ya rantse bai taɓa ganin haka ba, har ya kira masu shara su zo su shaida.

Mai Ɗinki da ta ji labari ta tafa hannu. "Yau Ba-a-yarwa ya yar! Allah ya sa ba ni ce ta gaba ba."

Bai gaya mata ɗoɗɗoyar gwangwanin ta mutu ba.

Ruwa ya sauka. Mako biyu filin bai ce komai ba, sai 'ya'yan turare da ke leƙowa, yana tuge su ba tausayi. Daga nan harkiya ta fito, tafasa ta biyo ta, kamar waɗanda suka je unguwa suka dawo. Malamar ta ce wani irin yakan yi shekaru a ƙasa yana jiran rana. Baba ya ce shi dai bai ga wadda yake jira ba. Kowace safiya yana bin katangar a durƙushe, gwiwoyinsa suna ƙara, yana buɗa ciyawa da yatsa.

Saura kwana tara ya miƙa makulli, can a kusurwa inda bai taɓa iya shiga da baro ba, ya ga wasu 'yan tsirrai uku da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Gefen ganyensu ja ne. Ya tsinki ganye ɗaya kawai, ya naɗe a gefen hularsa, ya hau keke tun ba a tashi ba.

Ya tarar da Mai Ɗinki a tsakar gida tana laluben zare a cikin kwando. Ya yi sallama. Ya zauna kusa da ita, ya murza ganyen a yatsunsa, ya kai mata kusa da hanci.

Ta kama hannun nasa ta riƙe, ta sake shaƙa a hankali. Can ta gyara zama, ta ɗaure fuska.

"Malam," in ji ta, "wa ya ba ka izinin tsinka?"