Takardun Malam Zarami

Zarami bai kai shekara goma ba yaƙi ya watsa garinsu a gabashin Tafkin Chadi. Mahaifiyarsa Gumsu ta jawo shi a ƙafa cikin ayarin masu gudu har fadamar Baturiya ta ƙasar Hadejia, inda mutanen wurin suka yanka musu gefen ruwa, suka ce su noma, su yi su. Nan ya girma. Ya yi karatu a Hadejia, ya dawo malami mai Barbarci da Hausa da Larabci a baki.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tsofaffin da suka yi gudun nan suna ta mutuwa da labaransu. Sai ya riƙa bin su bukka-bukka, yana juya abin da suka faɗa zuwa Hausa da ajami: labarin Sau, ƙattan da aka ce suna saɓa giwa a kafaɗa, da garuruwan da aka baro, da sunan kowane gida. A gefen takarda yakan sa sharhinsa. Ya rubuta cewa ƙasa ta Allah ce, kuma inda aka karɓi mutum har ya binne iyayensa, nan ne garinsu. Shekara goma sha bakwai yana wannan aiki.

Wata rana Tukur ya zo. Tare suka yi karatu, yanzu kuwa tafintan wani Bature ne mai auna ƙasa.

"Malam, ba ni aron takardun nan," in ji Tukur. "Bature ya ce zai sa a buga su littafi, jikokinku su karanta."

Zarami ya naɗe su cikin gafaka, ya miƙa da hannu biyu.

Bayan kaka aka tara mutanen fadama a gindin tsamiya. Tukur ya miƙe ya karanta takardar Bature: gidaje arba'in da uku baƙi ne, asalinsu ƙasar da Faransa ke mulka, su tashi kafin damina. Hujjar kuwa rubutun Zarami ce, gida-gida, yadda ya jera su.

Da aka watse Zarami ya tare shi. "Tukur, ina sharhin?"

"Bature ya ce sunaye yake so, ba wa'azi ba. Ni bawan umarni ne, Malam." Bai yarda sun haɗa ido ba. Daga baya aka ji rabin fadamar ta koma hannun surukin Tukur.

Tsohuwa Falmata, wadda ta fi kowa ba Zarami labari, ta tsaya a ƙofarsa da ƙunshin kayanta a ka. "Ɗan Gumsu, mun ba ka cikinmu, ka kai kasuwa."

Kunya ta hana shi bin ayarinsu. Ya koma Kaugama yana koyar da fiƙihu. Sau uku yana takawa Hadejia neman takardunsa, ana ce masa Bature ya tafi da su gida. In almajiransa manya suka roƙe shi labarin Tafki, sai ya ce su buɗe littafi, a ci gaba daga inda aka tsaya. A Kaugama ya rasu, shekarar da fari suka cinye gero.