Muryar Wilmer

A tashar motar birnin San Pedro Sula, Remedios mai sayar da kofi ta kasa ɗauke ido daga wata tsohuwa da ke zaune a bakin benci. Siririya ce, gashinta fari fat, takalmanta sun sha tafiya. A ƙirjinta tana rataye da hoton wani saurayi, da lambar waya a ƙasansa, irin na iyayen da 'ya'yansu suka nufi ƙasashen arewa ci-rani aka daina jin ɗuriyarsu. Hoton ya koɗe, ga alama ya daɗe yana shan rana.

Wayar tsohuwar na ƙara, ta buɗe sautin saboda kunnenta ya yi nauyi.

"Mama, ni ne Wilmer! Sun kama ni, ki cece ni!"

Ba ta ko razana ba. "Ɗana, wace ƙafa ka karya ranar da ka faɗo daga mangwaro?"

Sai muryar ta sake maimaita kukanta.

Remedios ta dangwarar da buta. "Iya, kashe wayar nan! 'Yan damfara ne, tsinannu! Na'ura suke sawa ta kwaikwayi murya daga tsohon bidiyo."

"Na sani, 'yar nan. Ai hannu ya karya." Tsohuwar tana shafa hoton da babban yatsa, muryar na ta kiran Mama.

"To, me kike saurare?"

"Tsoro nake ji in saba kashewa. Ranar da shi ɗin zai kira, in kashe masa."