Rawar Motar Baffa Maiwada

Duk wanda ya taɓa kai amfanin gona kasuwar Gaya daga Toranke ya san Baffa Maiwada da farar a-kori-kurarsa. Ƙanin mahaifina ne. Tun ban iya tafiya ba yake kan wannan hanya: gyaɗa da wake da kaka, taki da bazara, mara lafiya kuwa duk lokacin da aka buga masa ƙofa. Mutum ne mai barkwanci, amma yana da doka ɗaya da babu wasa a cikinta: ba mai zama a kujerarsa. Matarsa, Inna Lami, takan ce ranar da ya cika sai an laluba likkafani, kada a binne shi da makulli.

Da na gama jami'a na dawo gida jiran bautar ƙasa, sai na riƙa bin sa ranar kasuwa. A tafiyar farko na ji abin. Yana taka totur motar ta ɗauki kyarma tun daga ƙarƙashin kujera, madubi na rawa, haƙorana na haɗuwa. Yana ɗage ƙafa ta lafa.

"Baffa, wannan fa?"

"Gaishe ka take yi, Mudassir. Ba ta saba ɗaukar mai digiri ba."

Na yi dariya, amma na waiwaya. Mata ne cike a baya bisa buhuna, wasu da goyo. Na ce a kai ta gareji, ya ce sai bayan kaka. Na sake magana, ya ce taya ce. Abin ya ɗaure mini kai, domin mutumin da ƙarar ƙusa ɗaya a motarsa ke hana shi cin tuwo, shi ne yau yake kawar da kai.

Wata ranar kasuwa muna hawowa kwalta da lodin gyaɗa, ya ba ta wuta. Wani abu ya buga a ƙarƙashinmu kamar an maka taɓarya a turmi. Motar ta karkata, matan baya suka ɗauki salati, wata ta ƙanƙame jaririnta tana ihu. Allah Ya tsare. Har yanzu idan na rufe ido ina jin ihun nan.

Da aka sauke kaya na tsaya a gaban motar. "Baffa, ko mu je wurin bakanike yanzu, ko in gaya wa matan nan su nemi wata motar." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya ce in shiga.

Ɗanladi bakanike abokin wasansa ne, tare suka tashi. Yana ganinmu ya fara tsokanarsa.

"Tsohon banza, sai yau? Yaushe take rawar, in ka taka ko in ka saki?"

"In na taka."

"To ba taya ba ce, kuma ka sani."

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya kira ni in leƙo. Ya kama farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ya girgiza. Sai ƙwas-ƙwas. A gaɓarta akwai wani ɗan ƙarfe mai hannu huɗu da suke kira kuros, ya bushe ƙayau, jan garin tsatsa na zubowa.

"Ka gani? Ranar da ya tsinke farfela za ta caki ƙasa, ta kifar da ku har da fasinja. Tun damina na gaya wa baffanka."

Tun damina! Na dubi Baffa. Yana can gindin darbejiya, hannunsa na dama cikin aljihu.

Ɗanladi ya kwance farfelar, ya buge tsohon kuros da guduma, ya sa sabo, ya cika shi da giris, ya ɗaure. Kafin la'asar mun kama hanyar gida, mu biyu kaɗai.

Baffa ya taka totur. Shiru. Motar ta miƙe sumul, madubi ya tsaya cak. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai idona ya sauka kan hannunsa da ke bisa giya. Komai na motar ya daina rawa, ban da hannun nan. Babban yatsa da manuni suna murzar juna kamar mai jan carbi, alhali babu carbi.

Ya ga na gani.

"Da tana rawa," in ji shi a hankali, "ba mai cewa ni ne."

Ashe watanni ke nan yana ɓoye ciwonsa a cikin ciwon mota. Ya gangara gefen hanya ya kashe inji. Can ya ce, "Matar nan mai jariri, ni na kai uwarta asibiti ranar da za a haife ta." Ya fita, ya zagayo ta ɓangarena ya buɗe ƙofa.

"An ce ka koyi tuƙi a Kano. Matsa. Kada ka ja mini kujera."

Ban ja ba, ko da yake gwiwoyina na dukan sitiyari. Da muka shigo gari Inna Lami na ƙofar gida. Ta gan ni a kujerarsa, ta saki tsintsiyar hannunta.

Jibi zan kai shi asibiti a Gaya. Ban san abin da likita zai ce ba, ban kuma san wa zai riƙe motar idan takardar bautar ƙasata ta fito ba. Makullin yana aljihuna. Ɗazu ya aiko a tambaye ni ko na duba ruwan lagireto.