Fistan Shida a Kwanonin Aurena

Shin na uku da na huɗu, daidai na faɗa masa su, ko kuwa na musanya su ne ya gyara bai gaya mini ba? Shekara da shekaru ina son in tambaye shi, kullum in ce gobe. Wata bakwai ke nan da Allah ya karɓi abinsa, yanzu ba wanda zan tambaya.

Ku masu gyaran mota na tashar Magariya, kun aiko a tambaye ni yadda maigidanku ya fara, tunda a hannunsa kuka tashi ko a hannun waɗanda ya koya wa. Ni ban yi lakkol ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Jikata ce ke rubutawa. In kun ga magana ta katse, kuka ne ya tsai da ni, kada ku ga laifinta.

Akwai Juma'ar da ba ta taɓa fita raina ba. Zamanin Nasara ne, shekara uku ko huɗu kafin su tafi, bayan an gama cirar gyaɗa. Watana huɗu a ɗakinsa. Daga wani ƙauye kusa da Guci aka kawo ni, gidanmu noma da kiwon shanu, ban taɓa taɓa mota ba. Shi kuwa tsohon soja ne, a can ya koyi inji, kowa Kafaran yake ce masa, wato kofur. Amma a lokacin ba a yarda baƙar fata zai buɗe inji ya mai da shi ba. Mota in ta mutu, Damagaram ake jan ta, garejin Nasara.

Alhaji Mati, wani ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa, yana da tsohon kamiyo, wato babbar motar kaya, da ya daina hawa ko tudun tururuwa. Maigida ya roƙe shi ya ba shi ya gwada. Alhaji ya ce, "Na ba ka kwana goma, Kafaran. Ranar da Kumanda, mai mulkin gari, ya buɗe kasuwar gyaɗa, in bai tashi ba, a ja shi Damagaram, kai kuma ka nemi hauya." A gaban jama'a ya faɗa, aka yi ta dariya. Kun ga ke nan sunansa ne a kan tabarma, ba ƙarfe kaɗai ba.

Maza takwas suka ɗago injin da gungumen giginya, suka dire shi a tsakar gidana, kusa da murhu. Maigida ya kwance shi kaf. Bari in yi bayani saboda waɗanda ba sana'arsu ba. A cikin injin akwai ramuka shida, kowane da ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki kamar taɓarya a turmi, shi ne fistan. Tsohon fistan ya riga ya ci da raminsa, sun saba da juna. In ka kai shi ramin wani, ko ya cije ko ya yi ta ƙwanƙwasa har ya fasa. Masu ƙera su sun buga musu lamba, amma wannan injin ya ci kayan matattun motoci da yawa, lambobin sun daina nufin komai. Don haka ya jera su a tabarma daga ƙofar zaure zuwa bango, ya yi wa kowane rubutu da alli. Sannan ya hau keke ya ƙetara iyaka zuwa Ɓaɓura, neman zoben ƙarfe da ake sa wa fistan. Kwana biyu zai yi.

Ni ko na fito na ga baƙaƙen ƙarafa a tsakar gidan amarya, akuya na tsallake su, kaji na kashi a kai. Na ga yadda yake wanke ƙarfe da kananzir da tsumma. Na ce bari in faranta masa. Na zauna na wanke su ɗaya-ɗaya, har farin zanen nan da na ɗauka datti ne. Na shafe su da man gyaɗa don kada su yi tsatsa. Na sauko da kwanonin aurena guda shida daga jere, na sa kowane a nasa, na rufe da faifai, na kai ɗaki.

Ranar Juma'a da hantsi ya dawo. Ya ga tabarma fayau.

"Ƴar Guci, ina kayana?"

Na fito da kwano ina murmushi, na buɗe masa. Fistan na walƙiya kamar sabuwar tasa. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya buɗe sauran biyar. Sai ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ina rubutuna?"

"Wane rubutu, Maigida?"

"Allin."

"Au, rubutu ne?"

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Saura kwana uku. To, Allah ya sa hauyar babana tana nan."

Ya bayyana mini ɓarnar da na yi. Amma na ce, "Ai na san su."

"Kin san su? Ƴan uwanki ne?"

"Shanun babana sun fi hamsin, ban taɓa ɗora wa wata ɗan wata ba. Waɗannan shida ne kawai, kuma yini guda na yi da su a hannu."

Na ɗauko su na fara jerawa. "Wannan mai giɓi a baki, ita ce ta bakin zaure. Mai bi mata Baƙar Goshi, don duk gogar da na yi ba ta fita ba. Ta biyar mai tsage biyu a kumatu kamar Babarbariya. Ta bango ita ce Gwaggo, ta fi kowa tsufa, jikinta duk zane."

Ya tashi ya nufi injin. Ya zura yatsa a rami na biyar, ya shafa, ya ɗauki Babarbariya ya duba. Layi biyu a rami, layi biyu a kumatunta. Ya gwada Gwaggo, ita ma ta yi daidai da raminta. Sai ya fashe da dariya har da hawaye. "Wallahi na yi shekara shida a soja, ban taɓa jin an raɗa wa fistan suna ba! To, waɗannan biyun fa?"

Nan ne gizo ke saƙa a raina har yau. Na uku da na huɗu tagwaye ne, ba tabo ba giɓi. Na rufe ido ina neman wadda na fara wankewa. Na ce, "Wannan Hasana, ita ce gaba. Wannan Usaina." Ya dube ni, ya dube su. Ya ce in je in ɗora masa ruwan wanka. Da na dawo, sun riga sun shiga.

Kwana biyu muka yi muna mai da injin. Ni nake miƙa masa kile, wato abin ɗaure ƙusa, nake riƙe masa, nake tace baƙin mai da gyalena. Shi ya koya mini cewa murfin inji ba a ɗaure shi daga gefe ɗaya. Daga tsakiya ake farawa, kaɗan-kaɗan, ana zagawa, kamar ɗaurin fatar ganga. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Amarya, lallen zamani ne wannan baƙin?"

Ranar Litinin aka mai da inji cikin kamiyo a ƙofar gida. Rabin unguwa sun taru, wasu don su yi dariya suka zo. A lokacin, da wani ƙarfe ake murɗawa a gaban mota kafin ta tashi. Maigida ya murɗa sau ɗaya, shiru. Sau biyu, ta yi tari. Ni ina bayan danga na riƙe kai. A na uku ta yi wata irin kuwwa, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, wani dattijo ya bar takalminsa. Can ta lafa, tana ta gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi.

Alhaji Mati ya zaga motar yana shinshina. "Kafaran, me ya sa motata ke ƙanshin ƙosai?"

"Sirrin sana'a ne, Alhaji. Ko a Damagaram ba su da shi."

Kamiyon nan ya yi jigilar gyaɗa daga Mallawa da Dungas har aka rufe kasuwa, bai tsaya ba. Daga nan motoci suka fara zuwa ƙofar gidanmu. Kwanonina kuwa sun yi shekara suna warin kananzir, ya ci tuwo a ciki bai taɓa yin ƙorafi ba.

Abin da na koya, shi zan bar muku. Tsohon inji kowane ƙarfe nasa yana da mazauni, kada ku kwance shi kuna hira. Ku yi alama, amma ku dubi ƙarfen da idonku har ku san shi, don alama tana gogewa. Kuma in na ƙasa da ku ya yi ɓarna da kyakkyawar niyya, ku zauna tukuna, ku ji abin da ya sani.

Ranar da zai rasu, da la'asar, yana kwance a zaure ina yi masa fifita. Kwana biyu bai yi magana ba. Sai wata mota ta tsaya a bakin hanya, injinta na ƙwanƙwasa. Ya buɗe ido, ya saurara, ya kama hannuna.

"Kin ji? Ba mai a cikinta. Tashi ki gaya wa yaron nan ya kashe ta, ni zan ɗan huta."