Dal-su da Duwatsun Bayan Gida

Hyon Dal-su ya girme ni da shekara biyu, kuma tun muna yara katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a nan tsibirin Jeju. Jera duwatsu ne aikinsa duk rayuwarsa. Zai ɗauki baƙin dutse, ya jujjuya shi a hannu, ya samo masa mazauni a kan ɗan'uwansa ba tare da siminti ba. Rabin gonakin lemon ƙauyenmu katangarsa ce ke tare musu iska.

A coci kuwa babu wanda bai san muryarsa ba. Idan Fasto ya gama addu'a, amin ɗin Dal-su sai ta tashi jariran da ke barci a kujerun baya. Shi ke kaɗa ƙararrawar asuba shekara talatin da wani abu. Ya kwafe Littafi Mai Tsarki da hannunsa har sau biyu, ya kuma sha yi mini gori da haka, ni da nake haɗa baƙi da ƙyar. Ranar da aka yi masa baftisma ya kwaso kayan tsafin mahaifiyarsa ya ƙone su a bakin hanya, kowa na kallo. Maganarsa kullum ita ce Yesu ya kwance shi, babu sauran abin da ya ɗaure shi. Na ji wannan magana ta fi sau dubu ban taɓa musa masa ba, domin ni ba mai yawan magana ba ne.

Matarsa, Yang Sun-dok, mai nutso ce a teku. Tun tana budurwa take shiga ruwa ta kwaso kawa da ganyen teku, har ta haura sittin. A watan goma na bariya ta faɗi a tsakar gida, aka yi mata aiki a ƙugu. Likita ya faɗa musu ƙarara cewa idan ta sake faɗuwa irin wannan, ta gama tafiya da ƙafarta ke nan. Gidansu kuwa tsohon gini ne. Bayan gidan yana can ƙarshen fili, sai an sauka matakala uku na dutse kafin a kai.

'Yarsu Jong-hi, da ke aure a birni, ta aiko da komai: siminti, bututu, kujerar zama, har da ƙarfen riƙewa. Aikin bai taka kara ya karya ba. A huda bangon ɗaki, a kwashe duwatsun tsohon bayan gidan don bututu ya wuce, a tada sabo a jikin ɗakin. Na ce wa Dal-su mu biyu za mu gama cikin mako ɗaya.

Makon farko ya ce bayansa na ciwo. Na biyu ya ce ana tsinkar lemo. Na uku ya ce siminti ba ya bushewa da kyau a sanyi. A cikin wannan makon ne na gan shi a gonar wata gwauruwa yana jera mata katanga kyauta, da bayan nan nasa mai ciwo, yana waƙar yabo. Kayan suna nan jibge ƙarƙashin leda, Sun-dok kuma tana dogara sanda tana sauka matakalar nan sau biyar, sau shida a rana. Ya kawo mata bokiti a ɗaki, ta ce ya fitar da abinsa, ita ba ta mutu ba tukuna.

Wata rana na shiga kicin ɗinsu neman ashana, idona ya kai ga kalandar da coci ta raba. An zagaye ƙarshen watan ɗaya da fensir, a hankali, yadda ba kowa zai lura ba. Nan take na gane. Singugan ke nan, makon da tsofaffinmu ke cewa iskokin gida duk sun hau sama kai rahoto, don haka a lokacin kaɗai ake tashi daga gida ko a huda bango. Wadda aka fi tsoro kuma ita ce ta bayan gida. Suna cewa wanda ya motsa dutsenta a wani lokaci dabam, sai ta huce a kan wani na gidan.

Na same shi yana gasa dankali na ce, "Yaya, makon iskoki kake jira?"

Ya miƙe har dankalin ya gangara cikin toka. Ya tambaye ni ko na manta wanda ya ƙone kayan tsafi a bakin hanya. Ya ce ni da ba a jin amin ɗina ko a kujerar da ke kusa, ni ne zan auna masa bangaskiya? Ya jero mini ayoyi da ka, da lambobinsu. Na bari ya gama, na ce to gobe in kawo guduma? Ya ce gobe zai kai wa Fasto itacen hura wuta.

Lahadin nan Fasto ya yi wa'azi a kan almajiranci. Ya ce bin Yesu ba a baki yake ba, kuma wanda aka kwance ba ya komawa ya ɗauki igiyar ya naɗa a wuyansa. Dal-su ya buga wata amin da ta girgiza taga. Ni kuwa haushi ya sa na tashi na koma kujerar baya. Shekara arba'in muna zama kafaɗa da kafaɗa, ranar ce ta farko da na kasa.

Haka muka shiga watan sha biyu. Wata safiya raɓa ta daskare a kan duwatsu. Rana ta ɗan fito, ina ba kaji abinci, sai na ji Sun-dok tana kirana ta kan katanga, ba da ƙarfi ba. Na zaga na tarar da ita zaune a matakala ta biyu, sandar can gefe, fuskarta ta yi fari. Santsi ya kwashe ta, amma Allah ya sa ta zauna ne, ba ta kifa ba. Muna cikin lallaɓa ƙafar sai ga Dal-su ya dawo daga coci da littafinsa a hammata. Ya yar da shi ya durƙusa yana tambayar ina ne, ina ne.

Ta bar shi ya gama tambayoyinsa, sannan ta ce, "Baban Jong-hi, ƙyanda ce ta kashe Dong-u."

Na daɗe ban ji sunan nan ba. Ɗansu ne na fari, wanda ya rasu yana wata tara. Sai lokacin na tuna. Bayan baftismar Dal-su da 'yan kwanaki, ya rushe gefen bayan gidan nan ya sake jerawa a tsakiyar bazara, don ya nuna wa ƙauye ba ya tsoron komai. Wata bai cika ba yaron ya tafi. Mahaifiyar Dal-su ta faɗa masa a bakin kabari cewa duwatsun da ya taɓa ne suka ci yaron, shi kuma bai sake taɓa wurin ba.

"Yara bakwai aka binne a ƙauyen nan a watan," in ji ta. "Iyayen sauran shidan wane dutse suka taɓa? Na yi shiru shekara arba'in don na ɗauka kana kai wa Ubangiji abin a can inda kake kaɗa ƙararrawa. Ashe a aljihu kake kai shi ka dawo da shi."

Muka ɗauke ta muka kai ɗaki. Da muka fito ya tsaya gaban duwatsun, ya ce in taimake shi in ɗaga na farko, shi sai ya ci gaba. Na so in yi, don na gaji, kuma rana na tafiya. Amma na ce masa nawa bayan gidan na gyara shi shekara goma da suka wuce a tsakiyar damina, yana kallo. Wannan nasa ne.

Na jawo akwatin lemo na zauna. Shi ma ya zauna a ƙasa. Sun-dok ta ƙwanƙwasa taga ta miƙo shayin sha'ir, muka sha, ya huce, muka sake sha. Sau biyu yana miƙewa ya koma. Ya ce jikokinsa fa, na ce suna makaranta. Ya ce idan wani abu ya faru fa, na ce abubuwa suna faruwa kowane wata, har da watan ɗaya. Wajen tsakar rana ya sunkuyar da kai yana addu'a, kuma karon farko a rayuwata sai da na kasa kunne kafin in ji shi. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Ubangiji, tsoro nake ji. Ka riƙe ni." Ba aya, ba lamba.

Ya sa hannu biyu ya ɗaga dutsen. Mutumin da ke ɗaukar irinsa da hannu ɗaya, sai da ya yi nishi. Ya ajiye shi gefe, ya tsaya kamar mai sauraron wani abu, sannan ya ce mini me nake jira, in miƙo guduma, ko sai rana ta faɗi.

Kwana shida muka yi. Rana ta bakwai Sun-dok ta taka daga shimfiɗarta zuwa sabon banɗaki, taku tara, babu matakala ko ɗaya, ta rufe ƙofa a fuskarmu.

Ba zan ce tsoron ya bar shi ranar ba. Har bazara ta shigo, kowace safiya sai ya buga wa Jong-hi waya ya tambayi lafiyar yara, har ta fara ƙin ɗauka. Amma bai mayar da dutse ko ɗaya ba, kuma da kansa ya goge zagayen fensirin.

Lahadin da ta biyo bayan gama aikin ya tashi ba da shaida a coci. Ya ba da labarin yadda ya huda bango a watan sha biyu ba tare da duba kalanda ba, mutane suna ta amin. Wata biyun da kayan suka yi ƙarƙashin leda kuwa, ko da wasa bai ambata ba. Sun-dok ta waiwayo daga wajen mata ta dube ni. Na dubi silin. Da ya dawo ya zauna, sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce me ya sa bai ji amin ɗina ba.