Ruwan da Ba a Zubarwa

Shekara goma sha tara Uwar Kwalba, kamar yadda ɗalibai ke kiranta, ta yi a ɗakin gwaje-gwajen da ke ƙarshen baranda, hawa na biyu. Da tsintsiya ta shigo, bayan ta bar makaranta a aji uku. Da aka lura hannunta ba ya fasa kaya, sai aka mayar da ita bakin famfo, wankin kwalabe. Ɗalibai suka yi ta zuwa suna wucewa, wasu har sun yi tumbi, ita tana nan da safar hannunta ta roba.

In aiki ya yi wa ɗalibai yawa, sukan bar mata canjin ruwa. Ƙwayoyin halittar da ake reno suna manne a gindin kwalba, ruwa ja-ja-ja a kansu shi ne abincinsu. A zuƙe tsohon da bututu, a zubar, a zuba sabo. Ko ido rufe za ta iya. Abin da ba a taɓa ba ta ba shi ne aiki nata na kanta, daga farko har ƙarshe. Ba ta faɗa wa kowa tana so ba, sai maigidanta, wanda ya ce, "Farfesa, a dai riƙa tunawa da mu."

Ana nan sai Dakta, mai binciken yadda ƙashi ke haɗewa, ta zame a matakala ta karya wuyan hannun dama. Sati guda ana yi mata dariya. Ga kuma aikin da ba ya jira.

"Inna, ki ara min hannunki," in ji Dakta. "Wannan tsokar ɓera ce aka narkar. A cikinta akwai ƙwayoyin da ba su zaɓi sana'a ba tukuna, suna iya zama tsoka, suna iya zama ƙashi. Su nake nema, in ga ko za su cike karaya. Amma fa masu jinkiri ne. Sauran nan da nan suke mannewa, su kuwa sai su yi ta yawo a ruwa."

"Kamar autana da safe."

"To kullum ruwan za ki kwashe ki kai sabuwar kwalba, har kwana shida. Ruwan nan ba a zubar da shi. Kika fitar min da su, aikin ya zama naki ko na warke."

Kwana uku komai daidai. Ran na huɗu aka kira Dakta a waya, ta fita baranda. Uwar Kwalba ta zuƙo ruwan tsaf, tana tunanin takalmin autanta da ya tsinke, hannun ya juya hagu da kansa, ya tsiyaye shi a kofin shara. Sabo turken wawa.

Ta tsaya ƙiƙam. Ga sabuwar kwalba, ga sabon ruwa a gefe, kala ɗaya sak. In ta zuba, babu mai ganewa, jibi a ce ƙwayoyin ne suka ƙi. In ta faɗa, watakila ta koma bakin famfo ke nan har ritaya. Ta ɗauki kwalbar, ta ajiye. Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa.

Dakta ta shigo. "Inna, lafiya kike ta zufa?"

"'Yar nan, na kashe miki su. Ga su can a shara."

Dakta ta leƙa kofin, ta dafe goshi da hannun filasta, ta ce wash, don ta manta da nauyinsa. Uwar Kwalba ta fara cire safar hannunta.

"Ina za ki?" in ji Dakta. "Ni sau biyu na yi haka ina ɗaliba, na biyun ma ƙarya na yi, aka kama ni. Litinin za mu sake. Ki mayar da kofin nan bayanki, inda hannu ba zai kai ba."

Ran Asabar ɗin da ta biyo, Dakta ta matsa mata kujera gaban madubin duba ƙananan halittu. Uwar Kwalba ta rufe ido ɗaya, aka ce ta buɗe duka biyun. Can ta hango su, 'yan ƙanana, zagaye, suna ƙyalli, ba su fi a ƙirga ba.

"Duk wahalar nan don waɗannan 'yan tsirarun?"

"Su ne. Ga alƙalami, rubuta sunanki a jikin kwalbar."

Ta goge hannu a riga, ta rubuta a hankali, da manyan baƙaƙe, har sunan ya kusa ƙin shiga.