Sandar Awon Baba Dramani

Jama'a, abin da zan faɗa muku ba a tasha na tsinto shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa ne. Shekarun baya ne, lokacin ina tuƙi a Sokode, gidan wani ɗan kasuwa a unguwar Komah, Alhaji Isifu, Allah ya ji ƙansa, mutum mai kyauta sosai, amma in ransa ya ɓaci bakinsa ba shi da birki. Aikina shi ne sau biyu a wata in tafi Dapaong da mota wofi in ɗauko masa albasa da wake.

Motar kuwa tsohuwar kat-kat ce mai shan fetur, irin masu jan ƙafa huɗun nan, na tabbata ta girmi wasu daga cikinku. Wanda ya sayar wa Alhaji ita tun can da ya rantse masa lita goma sha uku take sha a kilomita ɗari, wai haka aka rubuta a takardarta. To ko wane ne ya rubuta takardar nan bai taɓa hawan dutsen Alejo da ita ba. Lita ashirin take sha cur, kuma ranar da take cikin nishaɗi ke nan, tayoyi a cike da iska, babu kaya. In ka ɗora mata buhu goma sai ta haura ashirin da biyar, in kuwa ka sa mata giyar ƙafa huɗu cikin taɓon damina, ka daina ƙirga kawai ka kama salati.

Allurar da ke nuna mai ta mutu tun kafin in zo, da sanda muke aiki. Tankin yana ƙarƙashin kujerar direba, sai ka ɗaga kujera ka buɗe murfi ka tsoma. Baba Dramani, tsohon direban da na gada, wanda ya shekara ashirin yana jan motar kafin idonsa ya yi rauni ya koma garinsu Dapaong, shi ya sassaƙa sandar da hannunsa, ya yi mata tsaga biyar: Bafilo, Kara, Kante, Mango, Dapaong. In ka cika tanki a Sokode, lita tamanin, ka tashi wofi, duk garin da ka tsaya ka tsoma, jiƙon man zai tsaya cif a kan tsagar garin. Ƙasan tsagar Dapaong kuma akwai saura lita ashirin ta ko-ta-kwana. Wata shida na yi ina gwada sandar nan don in kama ƙaryarta, ban kama ba.

To akwai wani aikin da motar take yi bayan albasa. In wani ya rasu a unguwa, danginsa na ƙauye suka ce a kawo musu shi, motar Alhaji ake aro, don ita ce ke shiga hanyoyin da ba kwalta, shi kuma ko sisi ba ya karɓa. Ranar da Baba Dramani ya miƙa mini makulli da sanda, sai ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, in ka kai gawa, an sauke, kada ka juya haka nan. Ka zagaya bayan motan kai kaɗai, ka buɗe ƙofa, ka yi sallama, ka ce an iso, a sauka lafiya. Ka jira kaɗan, sannan ka rufe."

Na ce, "Baba, ai an riga an sauke, wa kuma zan ce wa ya sauka?"

Ya ce, "Ni dai na gaya maka."

Na ce to, amma a zuciyata dariya nake yi. Na ɗan taɓa karatu gaban malamai, na san mamaci kabarinsa yake tafiya ba ya zama a mota, sai na ɗauka ragowar camfin tsofaffi ne, ni ɗan zamani. Cikin shekara ɗaya da rabi na kai gawa bakwai, ko sau ɗaya ban buɗe ƙofar nan ba.

Da fari ban lura da komai ba. Bayan gawa ta uku ne wata rana na tsoma sanda a Kara na ga jiƙon ya sauka ƙasan tsaga da faɗin yatsa ɗaya, na ce wataƙila iskar taya ce. Bayan ta biyar na isa Dapaong rabin man ko-ta-kwana ya tafi, kuma hawan da take yi da giya ta uku tana wasa, yanzu sai na sauko ta biyu tana nishi, alhali ba komai a bayanta sai safaya da buhunan wofi. Na kai ta garajin Kasimu makaniki, ya wanke kabireta, ya canja buji, wato fulogi, ya canja matatar iska, ya ɗaga ta ya juya kowace taya ko birki ne ke kamawa, ya shimfiɗa kwali a ƙasanta ta kwana a kai, ko ɗigo ɗaya ba mu gani ba. Abu ɗaya kawai ya ce, bayanta ya zauna kamar mai lodi. Aka ƙara mata ƙarfen sifirin, mako guda ta sake zama.

Bayan gawa ta bakwai kuwa, mai ya ƙare mini ƙaf ana saura kaɗan in shiga Dapaong, sai da na sayi na kwalba a bakin hanya. Da na dawo na gaya wa Alhaji gaskiya, sai ya sallame ni, ashe ajiye ni ya yi. Bayan la'asar, a majalisar ƙofar masallaci, dattawan Komah duk suna zaune, har da surukina, uban matata, sai ya ɗaga murya ya ce, "Shekara ashirin Dramani yana kai motar nan Dapaong da tanki ɗaya har da saura. Kai da zuwanka ta koyi sha? Ko dai kai ne mai ƙishirwar? Masu kwalban bakin hanya ai sun san inda suke samun fetur mai araha."

Innalillahi! Ni da ban taɓa ɗaukar ko albasa ɗaya ba izini ba. Surukina ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har aka watse. Kwana biyu matata ta daina zuwa famfo da safe saboda kallon da mata ke yi mata. Ba aikin nake ji ba, wallahi, sunan ɓarawo nake ji, don a unguwa irin tamu in ya manne maka har jikokinka za su gaje shi. Na je na durƙusa gaban Alhaji na ce ya sa a kawo Alƙur'ani. Ya ce ba ya buƙatar rantsuwa, gobe da kansa zai bi ni Dapaong, shi zai riƙe tanki, in motar ta isa da saura kamar da, to in ajiye makulli in san inda zan nufa.

Da sassafe muka je gidan mai, Alhaji yana tsaye aka cika ta har wuya, ya ɗaura wa murfin kwaɗo ya jefa makullin a aljihun babbar riga, ya shiga gaba ya zauna kusa da ni. Ku ji ikon Allah, ni da na yi shekara ina roƙon motar nan ta rage sha, ranar addu'ata ɗaya ce, Allah ka sa ta sha.

Ta kuwa sha. A Bafilo Alhaji ya tsoma da hannunsa, ya ga ƙasan tsaga, ya juya sandar ya duba ko canja ta na yi, ya ga yankan wuƙar Dramani ne. A Kara jiƙon ya wuce da yatsa uku. Ya sa na buɗe baya, ya leƙa, ya ɗaga buhunan wofi ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ƙarƙashi da babbar rigarsa yana shinshina, bai ga komai ba. Da muka kama hawan dutsen Defale, motar tana kuka kamar za ta amayar da injin, sai na ga yana ta waiwaye. Can ya ce, "Ka ji kuwa?"

Na ce, "Me, Alhaji?"

Ya ce, "Kamar wani ya gyara zama a baya."

Ni ma na ji, kuma ba ranar na fara ji ba, kunya ce ta hana ni faɗa wa kowa. A Mango ya tsoma, jiƙon ya riga ya wuce tsagar Dapaong. Na ce mu ƙara mai, ya ce a'a, bari mu ga ƙarshenta. Muna shiga bakin Dapaong, rana tsaka, ta yi tari biyu ta mutu. Lita tamanin, mota wofi, makulli a aljihunsa.

Gidan Baba Dramani ba nisa da titi, sai muka roƙi wasu ƙarti shida su tura mu. Hanya shimfiɗe, ba tudu, amma sai da suka jiƙe sharkaf, ɗayansu ya leƙa ta taga yana haki ya ce, "Shofer, kai direba, ina simintin da ka ɓoye?" Muka tarar da Baba zaune gindin darbejiya. Bayan gaisuwa ya taso yana lalube, ya shafa jikin motar, ya sa hannu tsakanin tayar baya da ƙarfen da ke samanta, yatsunsa ma da ƙyar suka shiga. Ya juyo inda ya ji muryata ya ce, "Motan nan ya yi nauyi. Gawa nawa ka kai?"

Na ce, "Bakwai, Baba."

Ya ce, "Nawa ka sallama?"

Na sunkuyar da kai. Bai zage ni ba, ya dai ce a ba shi buta, ya yi alwala, ya zagaya baya ya buɗe ƙofar ya yi sallama a hankali, ya ce, "An iso. Ku yi haƙuri, yaron bai sani ba. A sauka lafiya."

Jama'a, da rana ne, awaki na kuka, mata na daka a cikin gida. Sai muka ji ƙarfen ya yi ƙiiƙ, bayan motar ya ɗan ɗaga. Aka yi jim, daidai lokacin da mutum zai sauke ƙafa ya matsa gefe, ya sake yin ƙiiƙ, ta ƙara ɗagawa. Ƙartin nan shida ban san lokacin da suka ɓace ba. Ni kuwa yatsuna ne kawai ke ƙirga ƙarar da kansu, har bakwai. Motar ta miƙe tsaf kamar ranar da aka ba ni ita.

Baba ya kai hannu zai rufe ƙofa ke nan, sai muka sake jin ƙiiƙ. Wannan ba daga baya ba ne. Daga gaba ne, ɓangaren dama, kujerar da Alhaji ya zauna tun daga Sokode, wadda ya bar ƙofarta a buɗe. Na ga gefen ya ɗaga da idona, alhali Alhaji yana tsaye kusa da ni, hannunsa a kafaɗata, na ji yatsunsa sun nutse cikin namana. Baba Dramani ya juya idanunsa masu hazo wajen Alhaji, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Alhaji, ku shigo ku ci abinci." Alhaji ko loma ɗaya bai kai baki ba.

Washegari ya ce a bar albasa, mu juya gida. Muka cika tanki, bai ma sa kwaɗon ba, motar tana gudu kamar an sake ta daga turke. Muka iso Sokode jiƙon yana kan tsaga ta biyar cif, lita sittin, ba ƙari ba ragi. Zan karya kan mota gida ya ce a'a, ƙofar masallaci. Na ce, "Alhaji, ku huta mana, ko ranar Juma'a a yi maganar." Ya ce, "Wa ya ba ni Juma'a?"

Majalisa ta cika kamar ranar nan. Ya kama hannuna ya ɗaga ya ce, "A nan na ce wa yaron nan ɓarawo, a nan zan janye. Ni na yi masa ƙarya, ko ɗigo bai taɓa ba." Ya juya wajen surukina ya ba shi haƙuri, sannan ya dube ni, mutumin da ya haife ni a shekaru, ya ce in yafe masa don Allah. Na fashe da kuka gaban mutane, na ce na yafe duniya da lahira.

Kwana uku bayan nan, ya karya kumallo, yana zaune kan tabarmarsa, ba ciwon kai ba zazzaɓi, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar wasiyya a kai shi garinsu Adjengre a binne shi kusa da mahaifinsa, ni na kai shi a motar. Da aka gama rufe shi na zagaya baya ni kaɗai, na buɗe ƙofa na yi sallama na ce an iso, a sauka lafiya, Alhaji. Na tsaya ina jira, na daɗe ina jira, har mutane suka fara kallona. Motar ba ta motsa ba.

Bayansa na kai gawa huɗu kafin magada su sayar da motar, kowacce in na buɗe ƙofa na sallama sai na ji ƙiiƙ ɗin nan sau ɗaya. Na tambayi malaminmu, ya ce mamaci yana kabarinsa, wannan babu shakka. Na ce na yarda, malam, to su wa suka sha man? Ya ce in je in yi ta istigfari.

Ku direbobi, in tsoho ya miƙa muku makulli ya haɗa da wata magana, ku riƙe duka biyun. Ku masu mota, tsohuwar kat-kat ba ta san abin da aka rubuta a takardarta ba, kada ku yi saurin kiran bawan Allah ɓarawo, in kuwa kun riga kun kira, kada ku jira Juma'a. Sandar tana ɗakina har yau, kuma duk ranar da idona ya faɗa kanta abu ɗaya nake tunawa: gawa goma sha biyu na kai a motar nan, kowa ya sauka bayan an kai shi, Alhaji ne kaɗai ya sauka tun a Dapaong, yana tsaye, hannunsa a kafaɗata.